Shin Ko Kun San? Zafi Ɗaya, Lambobi Uku

Shin ko kun san cewa a ranar 17 ga Yunin 2024, ana tsaka da aikin Hajji, zafin rana a Masallacin Harami na Makka ya kai digiri 51.8? Jaridun Amurka da suka ɗauki labarin 125 suka rubuta. Masanin da ke ɗakin gwajin kimiyya kuwa, in ka tambaye shi, 325 zai ce maka. Babu maƙaryaci a cikinsu. Rana ɗaya ce ta gasa alhazai, ma'aunan ne uku: Selshiyos, Faranhait da Kelbin. Fiye da mutum 1,300 suka rasu a Hajjin wannan shekara, da yawansu saboda zafi. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Abu biyu ne kacal suka raba waɗannan ma'aunai: inda kowanne ya dasa sifirinsa, da kuma faɗin takunsa. Duk wanda ya taɓa juya shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya ya riga ya san aikin. Kalandun biyu ba daga wuri ɗaya suka fara ƙirga ba, akwai shekara 622 a tsakaninsu, ga shi kuma shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Shi ya sa ƙari kaɗai ba ya fitar da amsa, sai an haɗa da ninkawa. Haka Selshiyos da Faranhait suke. Ruwa yana daskarewa a 0 a na farko, a 32 a na biyu. Yana tafasa a 100 a na farko, a 212 a na biyu. Tazarar da Selshiyos ya cinye da taku 100, Faranhait sai da ya yi taku 180. Kowane taku biyar na wannan, tara ne na wancan.

Lissafin ke nan. Daga Selshiyos zuwa Faranhait, ninka lambar sau 1.8 sannan ka ƙara 32. Digiri 45 na bazarar Sakkwato ko Maiduguri zai ba ka 81, da 32 ya zama 113. In za ka dawo, fara cire 32 tukuna, sannan ka raba da 1.8. Wanda ya fara rabawa kafin ya cire, ya ɓata lissafin tun daga tushe.

Kun san kuwa akwai hanyar ratse ga wanda ba ya son alƙalami? Ninka lambar biyu, ka ƙara 30. A digiri 10 ne kawai take ba da amsa cif, wato 50. Da zarar an yi sama sai ta fara ƙarin gishiri: digiri 40 za ta ce 110, alhali 104 ne. Tunda mu mutanen zafi ne, gara mu riƙe wadda ta fi ta: ninka biyu, cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ka samu, ka ƙara 32. Arba'in ya zama 80, cire 8 saura 72, da 32 ya ba da 104, ba ragi ba ƙari. Masu son hadda kuma su riƙe waɗannan tagwaye masu juya baya: 16 a Selshiyos 61 ne a Faranhait, 28 kuma 82 ne. Shi ya sa idan rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki ya wayi gari yana nuna 61, kada a kira mai gyara. Wani yaro ne ya taɓa madannin da ke sauya harafi.

Shin ko kun san akwai wuri ɗaya tak da ma'aunan biyu ke haɗuwa? Digiri 40 ƙasa da sifiri. A nan ba sai an tambayi harafi ba, C da F duk ɗaya ne. Abin dariyar shi ne, tsohon ma'aunin gilashi mai zaiba ba zai iya shaida wannan haɗuwa ba, domin ita zaibar tana daskarewa tun a digiri 38.8 ƙasa da sifiri.

To, wa ya zauna ya zaɓi 32 da 212, lambobin da ko a kasuwa ba su da daɗin lissafi? Daniel Gabriel Fahrenheit, wanda aka haifa a 1686 a birnin Danzig, da yau ake kira Gdansk a ƙasar Folan. Yana da shekara 15 iyayensa duka biyu suka rasu a 1701 bayan sun ci laimar kwaɗi mai guba, sai aka tura shi Amsterdam koyon fatauci. Zuciyarsa ba ta zauna a kanti ba, ta tafi ga hura gilashi da ƙera kayan awo. A 1708 ya je Kopenhagen wurin masanin taurari Ole Rømer, ya ga yadda yake tsaga ma'auninsa, ya ɗauki dabarar ya gyara ta. A 1714 ya fito da ma'aunin gilashi mai zaiba, abin da ya sa sunansa ya zaga Turai, domin kafin nan da wuya a sami ma'aunai biyu da za su yarda da juna a kan zafin ɗaki ɗaya. A 1724 ya bayyana tsarinsa ga ƙungiyar masana ta Landan. Sifirinsa shi ne sanyin da ake samu idan an gauraya ƙanƙara da ruwa da wani gishiri mai suna amoniyom kulorayid. Narkewar ƙanƙara ya sa mata 32, zafin jikin mutum mai lafiya kuma 96.

Ku duba da kyau, akwai basira a ciki. Daga 32 zuwa 96 taku 64 ne, lambar da za a yi ta raba ta biyu har sau shida ba tare da ta bar ɓurɓushi ba. Ga mutumin da ke tsaga layuka a jikin siririn gilashi da hannunsa, raba tazara biyu ya fi raba ta goma sauƙi nesa ba kusa ba. Lambobin mai sana'a ne, an yi su don hannu. Bayan rasuwarsa a 1736 aka ɗan ja ma'aunin domin tafasar ruwa ta zauna daram a 212, wannan jan ne ya ture zafin jiki daga 96 zuwa sama da 98.

Shin ko kun san cewa Anders Celsius a kife ya yi nasa ma'aunin? A takardar da ya gabatar a 1742, tafasar ruwa ce 0, daskarewarsa kuma 100. Da an bar shi haka, da a tsakiyar hunturu lambar za ta riƙa hawa, a bazara ta riƙa sauka. Masanin taurari ne a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, ya rasu da tarin fuka a 1744 yana da shekara 42, bai ga ma'auninsa a miƙe ba. A 1743 wani Bafaranshe a birnin Lyon, Jean-Pierre Christin, ya ƙera nasa mai 0 a ƙasa da 100 a sama, a 1745 kuma Carl Linnaeus, mai tsara sunayen tsirrai, ya riga ya mallaki miƙaƙƙe don lambunsa. Sai a 1948 babban taron awo na duniya ya amince a riƙa kiran ma'aunin da sunan Celsius, shekara 204 bayan an binne shi.

Shi Celsius ɗin ya lura da wani abu da har yau ɗalibai ke mantawa: ruwa ba ko'ina yake tafasa a 100 ba. Wannan lamba ta bakin teku ce. Idan an hau sama, nauyin iska yana raguwa, ruwa ya tafasa da wuri. A Jos, mai tudun kimanin mita 1,200, yana tafasa a wajen digiri 96. A ƙolin dutsen Everest bai fi kusan 70 ba, zafin da shayi ma ba ya dahuwa yadda ya kamata. Tukunyar matsi kuwa akasin haka take yi, tana riƙe tururi har ruwan ya kai wajen 120, shi ya sa wake ke nuna da sauri a cikinta.

Yau ƙasashen da ke sanar da yanayi da Faranhait ba su taka kara sun karya ba: Amurka, sai irin su Bahamas, Beliz, Tsibiran Cayman da Palau. Ingila ta fara sauka daga kansa a farkon shekarun 1960, ƙasashen da ta mallaka ma suka bi sahu. Wanda ya buɗe tsofaffin rahotannin Turawan mulki na Kano ko Katsina zai tarar da zafin watan Afrilu ya haura 100, wanda ya tsallaka Maraɗi ko Damagaram ya duba na Faransawa zai ga arba'in da 'yan kai, ga shi kuwa sararin samaniya ɗaya ne. Su kansu Amurkawa, rahoton yanayin da matuƙan jiragensu ke karɓa tun 1996 da Selshiyos yake, likitocinsu masu bincike da ɗakunan gwajinsu ma haka. Jaridun Ingila kuwa suna da wata 'yar dabara: in zafi ya yi zafi sai su tuna da Faranhait don kanun labari ya ce an kusa 100, in sanyi ya sauka su koma Selshiyos don su sami rubuta ƙasa da sifiri. A 19 ga Yulin 2022 ne ƙasar ta fara ganin digiri 40 a tarihinta, aka auna 40.3 a Coningsby, har jiragen ƙasa suka tsaya. Mutumin Nguru dai sai murmushi.

Shin ko kun san daga ina 98.6 ta fito, lambar da Amurkawa ke ɗauka tamkar saukakkiya? Wani likita ne Bajamushe a Leipzig, Carl Wunderlich, ya tattara awon zafin jikin marasa lafiya kimanin 25,000, ya wallafa littafinsa a 1868, ya tsayar da digiri 37 a matsayin matsakaici. Lamba ce dunƙulalliya, ta kusan-kusan. Da aka juya ta zuwa Faranhait sai ta fito 98.6, wannan ɗigon da shidan suka ba ta kwarjinin da ba ta da shi, kamar an auna ta da ma'aunin zinariya. A 1992 masu bincike a Jami'ar Maryland suka sake awo a kan mutum 148 masu lafiya, suka sami 36.8. Zafin jiki yana sauka da asuba, ya hau da yamma, kuma na hammata ya gaza na baki. A ganina wannan ita ce ɓarnar da juyi ya fi yi a ɓoye, ya ɗauki ƙiyasi ya sa masa rigar tabbas. Haka 100.4 take, iyakar zazzaɓin da ake gani a takardun Amurka, 38 ce kawai ta sauya kaya.

Lokacin annobar korona kowa ya saba da 'yar bindigar nan da ake saita wa mutum a goshi a ƙofar banki da asibiti. Kusan dukansu suna da madannin sauya C da F. In ta nuna 97.7, lafiyarka ƙalau, 36.5 ke nan. Mai kiwon kaji da ya sayi injin ƙyanƙyasa ya ga takardarsa ta ce 99.5, to 37.5 ake nufi, a haka ƙwai zai yi kwana 21. Mai gasa kek da ta ɗauko girki daga intanet ta ga 350, kada ta murɗa obin ɗinta zuwa ƙarshe, kusan 177 ne, akan kuma zagaye shi zuwa 180. A nan hanyar ratsen nan in an juya ta, wato a cire 30 a raba biyu, ba ta da amfani ko kaɗan, 160 za ta ba ta, kek ya fito da ɗanyen ciki. Wanda ya fi duka hatsari shi ne firjin alluran rigakafi. Ana ajiye yawancinsu tsakanin digiri 2 zuwa 8 na Selshiyos, wato 36 zuwa 46 a Faranhait. Takwas a Faranhait kuwa digiri 13 ne ƙasa da sifiri, kuma akwai allurai, kamar ta ciwon hanta da ta sarƙewar haƙora, da daskarewa ke kashe ƙarfinsu ko da kwalbar ta narke ta koma kamar ba abin da ya same ta. Insulin ɗin masu ciwon suga ma haka.

Ga tarkon da ya fi kama masu ilimi. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ce a yi ƙoƙari kada ɗumamar duniya ta wuce digiri 1.5. Nawa ke nan a Faranhait? Wanda ya danna wayarsa zai ga 34.7, kuma an sha buga irin wannan kuskure a jaridu. Amsar ita ce 2.7. Dalili kuwa, 1.5 ɗin nan tazara ce tsakanin zafi biyu, tazara kuma ba ruwanta da inda sifiri yake, ninkawa da 1.8 kaɗai take buƙata. Ku koma kan kalandar nan: mai shekara 33 a lissafin wata, 32 yake da ita a lissafin rana, ba wanda zai ƙara masa 622 a kan shekarunsa. Raƙumin da ya rasa ruwa yana barin zafin jikinsa ya tashi daga wajen 34 da asuba zuwa sama da 40 da rana don ya tsimi gumi. Wannan hawa na digiri 6, a Faranhait kusan 11 ne, ba 43 ba.

Shin ko kun san cewa digiri 40 bai ninka digiri 20 zafi ba? A nan ne Kelbin ya shigo. Sifirin Selshiyos ba ƙarshen zafi ba ne, wurin da ruwa ke daskarewa ne kawai, ƙanƙara ma tana da sauran zafi a jikinta. Zafi motsi ne na ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu, kuma akwai iyakar da motsin ba ya iya yin ƙasa da ita. Tun kusan 1800 masana a Faransa suka lura cewa iskar da ke a sifiri tana tsukewa da kusan kashi ɗaya cikin 273 na girmanta a kowane digiri ɗaya da aka sanyaya ta. A 1848 wani saurayi ɗan shekara 24, William Thomson, haifaffen Belfast, wanda ya zama farfesa a Jami'ar Glasgow tun yana da 22, ya ce to a fara ƙirga daga can ƙasan. Wannan ƙasa ita ce digiri 273.15 ƙasa da sifirin Selshiyos, ko 459.67 ƙasa da na Faranhait. A 1892 aka ba shi sarauta, ya ɗauki sunan kogin Kelvin da ke wucewa ta gefen jami'ar. Ya riƙe kujerarsa shekara 53, da ya rasu a 1907 aka binne shi kusa da Isaac Newton.

Juyin Kelbin shi ne mafi sauƙi, domin takunsa da na Selshiyos ɗaya ne: ƙara 273.15, shi ke nan. Jikin mutum 310 ne, ɗaki mai daɗin zama wajen 300. Ba shi da lamba ƙasa da sifiri, kuma tun 1967 aka cire masa kalmar digiri da 'yar da'irar nan, 300 K kawai ake rubutawa. Yanzu sai a duba: digiri 20 shi ne 293, digiri 40 kuma 313. Ƙarin bai kai kashi 7 cikin ɗari ba. In ana son ninkin zafin digiri 20 na gaskiya, sai an kai 586 K, wato sama da digiri 310 na Selshiyos, dab da inda dalma ke narkewa. Ba wasan lissafi ba ne kawai. Iskar da ke cikin taya da Kelbin take aiki: tayar da mai faci ya bai wa iska da safe a digiri 20, in kwalta ta gasa ta zuwa 50, matsin cikinta ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari. Ɗalibin da ya zuba Selshiyos a lissafin iska a jarrabawa zai samo cewa matsin ya ninka biyu da rabi, malami kuma ya ja masa jan biro.

Amurkawa ma suna da nasu mai farawa daga ƙasan, amma da takun Faranhait. Sunansa Rankin, daga William Rankine, shi ma malami a Glasgow, wanda ya kawo shi a 1859. A kansa ƙanƙara na narkewa a 491.67. Wasu injiniyoyin Amurka ne kawai ke waiwayarsa.

Zafi mafi tsanani da Hukumar Yanayi ta Duniya ta yarda da shi a doron ƙasa shi ne 134 a Faranhait, wato 56.7, a Kwarin Mutuwa da ke Kalifoniya, ranar 10 ga Yulin 1913. Shekara 90 garin Aziziya na Libiya yana riƙe da kambun da digiri 58 na 1922, sai a 2012 hukumar ta soke shi bayan ta gano matsala a na'urar da kuma karatun mai awon. Kusa da mu, garin Kayes na Mali ya kai 48.5 a 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi. Mafi sanyi kuwa an auna shi a tashar Vostok ta Antatika ranar 21 ga Yulin 1983: digiri 89.2 ƙasa da sifiri. A Kelbin 184 ne, wato har yanzu da sauran tafiya mai nisa kafin ƙasa.

Masana sun yi wannan tafiya. Ruwan naitirojin da ake adana maniyyin bijimai a ciki 77 K ne, digiri 196 ƙasa da sifiri. A 1908 Heike Kamerlingh Onnes ya mai da iskar hiliyom ruwa a birnin Leiden, a wajen 4 K, bayan shekara uku kuma ya gano cewa zaiba a wannan sanyi tana barin lantarki ya wuce ba tare da wata turjiya ba. Injin hoton MRI na manyan asibitoci a kan wannan yake aiki, akwai ruwan hiliyom a cikinsa. Sararin da ke tsakanin taurari 2.7 K ne, amma maganaɗisun babban injin bincike na CERN, a iyakar Faransa da Suwizalan, a 1.9 K ake riƙe su, sun fi sararin samaniya sanyi. Sifirin kansa ba wanda ya taɓa shi, dokokin kimiyya ma sun ce ba za a taɓa shi ba, sai dai a yi ta matsowa. Tun 20 ga Mayun 2019 kuma an daina jingina ma'anar Kelbin da ruwa kwata-kwata, an ɗaure ta da wata tsayayyar lamba mai sunan Ludwig Boltzmann. Da ita ake fassara Selshiyos, da Selshiyos kuma ake fassara Faranhait.

A can sama kuwa bambancin yana shuɗewa. Fuskar rana kimanin 5,800 K ce, ko digiri 5,500. Cikinta kuwa miliyan 15 ne, kuma a nan ko ka ce Kelbin ko ka ce Selshiyos ba mai ja da kai, 273 ba ta motsa miliyan 15.

Shin ko kun san akwai Kelbin a rataye a silin ɗinku? Ku ɗauko kwalin ƙwan lantarki na LED ku duba, za ku ga 2700K ko 6500K. Ba zafin ƙwan ake nufi ba, launin haskensa ne: irin hasken da abu zai bayar in an gasa shi zuwa wannan zafi. Maƙeri ya san jerin tun kafin a rubuta shi, ƙarfe yana fara yin ja, ya koma ruwan lemo, ya yi rawaya, sannan ya yi fari. Saboda haka 2700K shi ne mai rawaya-rawaya irin na tsohon ƙwai mai zare, 6500K kuma fari fat mai ratsin shuɗi, wanda teloli da masu kanti suka fi so. Kamfanoni suna rubuta wa mai rawayan cewa shi ne mai ɗumi, farin kuma mai sanyi, alhali a ma'auni farin ya fi shi da 3,800 K.